Orval Hegstad da Wandon Katifa

Orval Hegstad ya shafe fiye da shekara talatin yana tuƙa motar kwashe dusar ƙanƙara a garinmu, can gindin duwatsun Idaho. Kafin mutane su farka ya riga ya buɗe hanyar makaranta da ta ɗakin shan magani, ya dawo gida yana shan kofi a tsaye a bakin murhu. Dogo ne siriri, da manyan kunnuwa waɗanda sanyi ya ci ya ci har suka yi ja suka zauna a haka. Magana ba ta dame shi ba. In kun haɗu a hanya yatsa biyu zai ɗaga daga kan sitiyari, an gama gaisawa ke nan, har da tambayar iyali.

Da ya ajiye aiki sai ya koma gyaran shingen maƙwabta, ko sun roƙe shi ko ba su roƙa ba, yana jiran kaka ta yi nisa a buɗe farautar elk, ƙatuwar barewar dutsen nan da guda ɗaya ke cika firiza ta riƙe gida har bazara. Farautar tasa ba irin ta masu leƙe ta tagar mota ba ce. Shi da abokinsa Fermin Uberuaga, jikan makiyayan tumaki, gajere mai ƙirji kamar ganga da bakin da ba ya hutawa, sukan ajiye akori-kura inda hanya ta ƙare, su goya jakunkunansu, su hau da ƙafa har inda waya ba ta kamawa. Can suke kafa tanti a ƙarƙashin wani tudu su yi 'yan kwanaki.

Wannan farauta aiki biyu ce, hawa da zama. Ka hau har huhunka ya yi zafi, sannan ka sami dutse ka jingina, ka ɗora madubin hangen nesa a ido, ka zauna shiru kamar kututture har dabbar ta ga dama ta fito daga kurmi. Yawanci ba ta ganin damar sai rana ta kusa faɗuwa, lokacin da sanyi ya fi mugunta. Orval ya iya duka biyun. Rabin samarin garin a wurinsa suka koya, kuma abin da yake fara gaya musu ɗaya ne: su bar mota suna jin sanyi. Wanda ya tashi da ɗumi a jiki zai kai tudu a jiƙe da zufa, wanda kuma ya jiƙe ba zai iya zama ba. In yaro ya zo da riguna a jibge, a nan bakin mota Orval zai sa shi ya tuɓe ya cusa a jaka.

Shi kansa wando ɗaya aka san shi da shi, na ulu, kore mai kauri, irin wanda mahaifinsa ya sa. Da aka fara kawo wandunan zamani masu shaƙe da gashin agwagwa, waɗanda ake ɗorawa a kan kaya in an zauna, Orval ne ya raɗa musu suna a shagon shan kofi. Ya dubi wani malamin makaranta da ya shigo da irinsa, ya ce, "Malam ya zo da katifarsa." Kalma huɗu ko biyar ne, amma daga ranar har aka yi wa malamin canjin wurin aiki ba a kira shi da wani suna ba sai Katifa.

To, bara abin da bai taɓa faruwa ba ya faru. Orval ya hau lafiya, zaman ne ya gagara. Sanyi ya shiga gwiwoyinsa ya ratsa har ƙugu, haƙoransa suka fara karo, madubin yana rawa a hannunsa. Rana ba ta faɗi ba ya miƙe. Washegari ma haka. Fermin ya biyo shi suka sauko, bai ce masa komai ba har mota, kuma wannan shirun na Fermin ya fi wa Orval ciwo fiye da duk wata tsiya da zai yi masa. Hunturun nan kaf kajin kanti suka ci.

Verla, matarsa, ita ta cire masa takalmi ran da ya dawo, ta ga launin yatsun ƙafarsa. Ba ta yi faɗa ba. Sai da kaka ta sake zagayowa, yana zaune yana goge bindiga a kan teburin cin abinci, ta ajiye masa kofi ta zauna.

"Tsoho, bana ma za ka?"

"Zan je."

"To ka je. Amma in ka sake saukowa kana karkarwa, wannan bindigar ta koma gidan mijin 'yarmu Janelle, ta zauna can. Ni ba zan yi jinyar mutum marar yatsu ba. Ka yarda?"

Orval ya ajiye bindigar. Mutum ne da in ya ce e, to e ce. Ya ce ya yarda.

Ba a yi mako ba sai ga ƙunshi daga Janelle, 'yarsu da ke aikin jinya a birni. Verla ta buɗe ta ɗaga abin da ke ciki da hannu biyu. Wando ne ruwan toka, a kumbure, mai sulɓi, da zif tun daga ƙugu har idon sawu a kowane gefe, don mutum ya ɗora shi ba sai ya cire takalmi ba. Da yamma Janelle ta bugo waya.

"Baba, ya iso?"

"Wani abu ya iso."

"Ka gwada?"

"Gadonmu yana da katifa, 'yar nan."

"Baba, ba don hawa ba ne fa. In ka kai ka zauna sai ka ɗora. Bai kai laba ɗaya ba."

"Na san yadda ake yi da shi," in ji Orval, ya miƙa wa Verla wayar.

Laba ɗayan nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. Shi da Fermin suna da al'ada tun suna samari. Jajibirin tafiya sukan shimfiɗa tamfol a garejin Orval, kowa ya zazzage jakarsa, ɗayan ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya yana zolaya, sannan a mayar a rataye jakar a sikelin da ke lilo daga rufin. Wanda tasa ta fi nauyi shi ke wanke tukunya a rafi duk tsawon zaman, da ruwan da ke sa yatsu su mutu. Akwai shekarar da Fermin ya yanke rabin mariƙin buroshinsa na goge baki don ya rage nauyi. Orval ya bar nasa a gida gaba ɗaya ya ci gasar, da ya dawo kuma Verla ta ce ya yi mata magana daga bakin ƙofa.

Kwanakin da suka rage Orval ya yi su yana kai-komo tsakanin garejin da gida. Ya cusa wandon a jaka, ya rataye, ya dubi allurar sikeli, ya ciro. Wata rana ya rufe ƙofar garejin ya gwada shi. Wani ɗumi ya lulluɓe ƙafafunsa kamar ya tsaya a bakin tanda an sauke burodi, har gwiwar hagun da kullum ke masa mita ta yi shiru. Ya ɗan taka. Wandon ya ce shuu, shuu. Ya tuɓe da sauri kamar an kama shi yana sata.

Ya san yana buƙatarsa. Ya kuma san in Fermin ya ga wannan abu a kan tamfol, kafin su bar gari labari ya kai shagon kofi, sunan da ya raɗa wa malamin makaranta ya dawo kansa, ya bi shi har kabari. Verla kuwa ta riga ta sa ya yi alkawarin zai tafi da shi.

Ranar awo Fermin ya zo da cukun tumaki da surutunsa. Ya bi kayan Orval yana ɗagawa yana shinshinawa.

"Dogo, wannan safar ai tun ɗaurin aurenka take. In ka ajiye ta da kanta za ta hau dutsen."

"Rataye taka, Makiyayi."

Aka rataye. Jakar Fermin ta fi da ɗan kaɗan. Ya zagi sikelin, ya ce Orval ya ba shi cin hanci, ya tafi gida yana dariya. Wandon yana can a naɗe cikin injin wanki, inda Fermin ba zai taɓa leƙawa ba.

Da asuba Orval ya sa wandon katifar a jikinsa, ya ja na ulun a kai. Da ƙyar maɓallin ya shiga. Lissafinsa shi ne in sun ɗan yi nisa ya ratse bayan wata bishiya ya cire ya tura ƙasan jaka, in sun kai tudu kuma ya san dabarar da zai yi. A bakin hanyar, gari na wayewa, Fermin ya tuɓe rigar samansa yana tsalle-tsalle yana hura hannu. Ya dubi abokinsa sama da ƙasa.

"Kai, Dogo, yaushe ka yi cinya? Verla me take ba ka ne?"

"Dankali."

"To ka ce ta aiko min da irinsa. Shekara arba'in ina bin bayan sanduna biyu, yau ga ni bayan turame."

Suka kama hawa. Ba su yi nisa ba zufa ta keto wa Orval. Ta fara daga bayan gwiwa, ta gangara cikin takalmi. Yana tafe ƙafafu a buɗe kamar agwagwar da aka ciro wa gashin, don kada cinyoyin su gogi juna. Duk da haka, can Fermin ya ɗaga hannu ya tsaya cak.

"Ka ji?"

"Me?"

"Wani abu na bin mu. Shuu, shuu. Da mun tsaya sai ya tsaya."

"Iska ce."

"Iskar da ke jiran mu huta?"

Orval ya ce zai ɗan zaga. Fermin ya ce madalla, shi ma dama abin ya matse shi, ya biyo shi har bayan bishiyar yana ba shi labarin wani ragon surukinsa da ya koyi buɗe ƙyaure. Karo na biyu da Orval ya ratse, ya zauna zai kwance igiyar takalmi, don na ulun ba ya fita sai an cire takalmi, sai ga kan Fermin ya leƙo yana tambaya ko ƙaya ce, ya zo ya taimaka. Daga nan Orval ya haƙura. Ya sa kai ya ci gaba da hawa, yana ji kamar ana dafa shi daga ƙugu zuwa ƙasa.

La'asar ta yi suka kai. Suka jefar da jakunkuna a wurin tanti, suka haura tudun, kowa ya sami dutsensa. Iska na busowa daga kan ƙanƙara. Gashin agwagwa in ya jiƙe ba ya riƙe ɗumi, dunƙulewa yake ya manne a jiki kamar tsumman wanke-wanke. Orval bai gama share gilashin madubinsa ba sanyi ya kama shi, irin kamun da ko bara bai yi masa ba. Ya cije haƙora. Ya matse gwiwoyi da hannu. Kurmin da yake kallo ya fara tsalle a cikin madubin.

Fermin ya waigo sau ɗaya, ya waigo sau biyu. Labarin da yake raɗawa ya tsaya a tsakiya. Ya yi shiru, irin shirun bara. Can ya mayar da madubinsa cikin riga a hankali, ya matso.

"Mu sauka, Orval," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Babu komai. Mun yi iya namu a dutsen nan."

Rabon da Fermin ya kira shi da sunansa na yanka har ya manta. Orval ya dubi hanyar sauka, a zuci ya hango bindigarsa a jingine a bangon gidan surukinsa. Ya dubi fuskar Fermin ya ga tausayi, abin da bai taɓa gani a wurin ba. Sai ya dafa dutse ya miƙe.

"Ba tsufa ba ne," ya ce, haƙoransa na kaɗawa. Ya kwance bel, ya saukar da wandon ulun zuwa gwiwa.

Fermin ya dubi abin da ke ciki. Ya kai yatsa ya latsa, ruwa ya tsattsafo. Ya ɗaga kai ya dubi Orval, ya sake duban wandon. Bakinsa ya fara rawa. Ya toshe shi da hula, abin ya ƙi. Dariyar da ta ƙwace masa sai da ta bugi dutsen tsallake ta dawo, duk wata elk da ke kwarin nan ta san an zo.

"Da shi ka hau? Tun daga mota? Kai da ka tuɓe ɗana a bakin hanya yana kuka?"

"Hura wuta, Makiyayi."

"Dankali, in ji shi. Wayyo cikina. Ashe katifar ce ke bin mu tun safe."

Yana dariya yana aiki. Kafin a ce haka ya ja Orval zuwa tanti, ya tuɓe shi, ya cusa shi cikin jakar barci, ya hura wuta da busassun rassa, ya ɗora ruwan zafi. Farautar ranar dai ta tafi. Suka rataye wandon a kan sanda kusa da wuta, Fermin yana juya shi kamar mai gasa tsire, yana bubbuga dunƙulen gashin su ware. Wani tartsatsi ya tashi ya huda shi a mazauni, farin gashi ya fara fita yana shawagi. Fermin ya bi yana kamawa, ya kasa, ya ɗauko filasta daga akwatin magani ya liƙe ramin da giciye biyu.

"Tukunya kuma taka ce," ya ce. "Ka ci amanar sikeli."

"Na ji."

"Me ya hana ka shimfiɗa shi a tamfol kamar mutum?"

Orval ya kurɓi ruwan zafi. "Bakinka."

Fermin ya yi tunani, ya gyaɗa kai. "Gaskiya ne. Da na kashe ka da tsiya. Yanzu ma ban fasa ba."

Washegari Orval ya bar tanti cikin wandon ulunsa kaɗai, yana jin sanyi yadda ya kamata, wandon katifar a ɗaure a bayan jaka kowa ya gani, ko da yake kowan Fermin ne da wasu hankaki biyu. Da suka kai tudu ya warware shi, ya ɗora a kan na ulun, ya ja zif na dama, ya ja na hagu, ya zauna a kan filastarsa.

Ya zauna. Hantsi ya yi, iska ta taso, bai motsa ba. Suka ci cuku da busasshen nama, rana ta karkata. Ya ga abubuwan da ya daɗe bai lura da su ba saboda gwiwa ta ɗauke masa hankali: wata dila tana tsalle a kan ƙanƙara tana neman ɓera, inuwar gajimare tana hawa dutse tana sauka. Ɗumi ya ratsa shi har baya. Ya jingina kai da dutse don ya huta da madubin na ɗan lokaci.

Tsakuwa ce ta faɗo masa a hula. Ya buɗe ido ya ga rana ta yi ja tana bakin dutse, Fermin yana zare masa ido yana nuni da haɓa. Can ƙasa, a bakin kurmi, elk sun fito kiwo, mata ne, suna tafe suna tsayawa, tururi na fita daga hancinsu. Lasisin farautar Orval na harbin mace ne. Ya yi niyyar ya ja jiki gaba kaɗan, wandon ya ce shuu, babbar cikinsu ta ɗaga kai. Ya daskare. Sai da ta mayar da baki ƙasa ya ɗago bindigar a hankali daga inda yake zaune, ya dafa gwiwar hannu a kan gwiwoyinsa. Gwiwoyin suna nan daram kamar an kafa su. Harbi ɗaya ya yi.

"Tunda munsharinka bai kore su ba, na san babu abin da zai kore su," in ji Fermin suna gangarawa. Orval ya tsaya tukuna ya cire wandon ya naɗe, don aikin fiɗa ma aikin zufa ne.

Kwashe naman zuwa mota ya ci musu sauran kwanakin, sawu bayan sawu, tsofaffi biyu suna nishi suna zagin juna. Ran da akori-kurar ta tsaya a ƙofar gida, Verla ta fito tana goge hannu a gyale. Ba ta dubi bayan motar ba. Ta kama hannun mijinta ta juya shi, ta dubi leɓensa, ta dubi yadda yake taka ƙasa. Sannan ta juya ga Fermin.

"Fermin, kai za ka gaya min. Ya zauna?"

"Ya zauna, Verla. Ya zauna har ya kwanta. Sauran labarin kuwa sai kin dafa min kofi, don yana da tsawo, kuma akwai tuɓe wando a ciki."

Verla ta ɗaga wandon daga kujerar gaba, ta ga filastar a mazauni, ta dubi Orval. Shi kuwa ya riga ya zagaya bayan mota ya saɓa cinya guda a kafaɗa.

"Ki gaya wa Janelle mijinta ya nemi tasa bindigar," ya ce. "Ki kuma ce na gode."

Ya shiga gareji da naman, yana tunanin inda zai kai tarkacen da ke cikin firizar kafin ya sami wuri. Da ya ɗaga murfin sai ya tarar Verla ta riga ta kwashe komai, ta wanke ta tas, ta kunna ta tana ta gurnani.